Tiyon Birkin Motar Ndagi

Waɗanda ke wurin ranar nan ba su da yawa, kuma zan faɗe su da sunansu don kada wani ya ce ƙagawa na yi. Akwai Ndagi, direban wagon mai lodin Kagara, mutumin Bida. Akwai Oga Bawa, bakaniken da ke gyara masa mota. Akwai Isiyaku, maƙwabcin rumfata, wanda a hannun mijina ya koyi sana'a. Alhaji Mamman, shugaban layinmu na masu sayar da kayan mota, yana kan bencinsa da carbi a hannu, kunnensa na kan kowa. Sai Larai mai shinkafa da wake, da ta zo kwashe kwanukanta. Sai ni. A cikinsu yau ni da Isiyaku kaɗai muka rage, shi kuma in kun tambaye shi cewa zai yi ya manta.

Abin da ya sa na tayar da maganar shi ne abin da na gani a shagon nan makon jiya. Mutum ya shigo ya ce a ba shi tiyon birki. Ɗayanku, ku yaran shago, ya miƙa hannu ya jawo wanda ya fi kusa, ya yanka, ya miƙa masa, idonsa na kan titi. Da na yi magana sai aka ce mini, "Hajiya, tiyo ai tiyo ne." To, ku zauna ku ji.

Tiyo iri-iri ne a cikin inji, kowanne da irin wahalar da yake sha. Na lagireto ruwan zafi ke tura shi daga ciki. In ya gaji sai ya kumbura ya fashe, tururi ya tashi, direba ya tsaya dole. Na fetur in ya tsage hanci zai gaya maka. Amma akwai wanda ba ya ɗaukar ruwa, ba ya ɗaukar mai, ba komai a cikinsa sai zuƙa. Inji in yana aiki zuƙar iska yake yi, kamar mai shan ruwa da kara. Sai aka jawo zuƙar nan da tiyo zuwa wata baƙar tukunya da ke bayan fedar birki, wadda kanikawa ke kira busta. Ita ke taya ƙafar direba: ka taka kaɗan, ta ara maka ƙarfin ƙato. In tiyon nan ya huje, ko ya shanye bangonsa ya manne da juna, zuƙa ta yanke. Taku ɗaya ko biyu busta za ta ba ka daga abin da ta ajiye, daga nan feda ta koma dutse. Mota cike da mutane da buhuna, sai dai ka miƙe tsaye a kan fedar, kuma ba lallai ta tsaya inda kake so ba. Tiyon nan ba ya ɗiga a ƙasa, ba ya wari. Shi ya sa ba mai kula shi.

Ubana Bakatsine ne, cikin waɗanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna suka zauna. In jirgi ya tsaya sai ya bi taragai da 'yar gudumarsa, yana ƙwanƙwasa ƙafafu, yana duba manyan tiyon birkin da ke tsakanin tarago da tarago. In na kai masa abinci nakan gan shi ya kama tiyo ya lanƙwasa ya kara kunne. A lokacin ban san ina kallon abincina ba ne.

Wanda ya koya mini sana'ar shi ne mijina, Malam Haruna, Allah ya jiƙansa. Shekarar da aka yi sabuwar jiha, Minna ta zama hedikwata, motoci suka cika gari, a shekarar idonsa ya fara rufewa. 'Ya'yanmu duk ƙanana, Isiyaku kuma ya riga ya buɗe tasa rumfar. Sai na ɗauki mayafi na riƙe sandarsa muka fito tare. An yi surutu a unguwa, mace a layin kayan mota. Surutun bai sa tukunya a wuta ba.

Aikin farko da na gani da kyau na wata a-kori-kura ce ta mai fataucin doya daga Beji. Ba ta silo. Da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Kanikawa sun kwance kafireta sun wanke sun mayar, sun sake kwancewa, sun canja fulogi, mutumin ya kwana biyu a gari doyarsa na ruɓewa a rana. Aka turo motar bakin layi don a sayi sabuwar kafireta. Malam ya ce a tayar da ita, a riƙe totur kaɗan, kowa ya yi shiru. Na ja shi har gaban injin. Ya sunkuya yana juya kai kamar kaza mai sauraron shaho, sannan ya kama hannuna ya ɗora ɗan yatsana a bayan wani siririn tiyo da bai fi tsinken tsire kauri ba. Na ji wurin na tsotsar fatata. Da na danne, inji ya daidaita. Na ɗaga, ya fara tari. Tsaga ce da ido ba ya gani sai an lanƙwasa. Malam ya yanko taƙi ɗaya na sabo, aiki ya ƙare. Mai doyar bai yi murna ba, zama ya yi a ƙasa ya riƙe kai yana tunanin doyarsa.

Tun da shi ba ya gani, ni ma bai yarda in dogara da ido ba. Sai ya ce in rufe idona, ya riƙa miƙo mini guntaye, in faɗi ko wane ne na mene ne. In na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya sake miƙo mini shi, har sai na gaji na gane. Rubutun da ke jikin tiyo har yau ban san abin da yake cewa ba. Ga abin da na sani. Ki yanka da wuƙa mai kaifi ki shafa bakin: na birki bangonsa mai kauri ne, kuma akwai zare a tsakiyar naman robar, ba a bayanta ba. Ki naɗa shi a wuyan hannu: na kirki zagayawa yake yi, na banza karyewa yake ya yi gwiwa. Ki toshe baki ɗaya da babban yatsa ki zuƙa ta ɗayan har harshenki ya manne. In kika ji bangon ya motsa, ajiye shi. Ki shinshina: na kirki warin sabuwar taya yake, mai ɗaci; na banza warin bokitin wanka. Na ce "ki" don haka shi yake ce mini, ku ku mayar da shi naku.

Sai gwajin ƙarshe, wanda shi ne ke raba gardama. Tiyo ba a inuwar rumfa zai zauna ba. A gefen inji zai zauna, cikin zafi da tururin mai, daga nan har Kagara da tsakar rana. Don haka muna da gwangwanin madara da baƙin mai a ciki, da kurfoti. Duk sabon kayan da ya shigo sai an yanki tsawon ɗan yatsa an jefa a man, a ɗora a garwashi ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, a bar shi ya jima. A ciro da filaya a matse. Na kirki in ka saki zai buɗe bakinsa ya koma yadda yake. Kayan aikina ke nan duka: gwangwani, kurfoti, filaya, wuƙar da maƙeri ya fitar mini daga karyayyen sifirin, da wasu ƙusoshi masu kauri daban-daban da Malam ya zura a waya, da su nake auna faɗin rami. Kuma ba na rataye tiyo a rana don a gani. Rana cin roba take yi. A adaka nake ajiyewa, a rufe da buhu.

Masu saye kuwa na ga iri-iri. Akwai mai son a rage masa tsawo don ya rage kuɗi, a ja tiyon a ɗame shi kamar tsirkiya, ranar da inji ya girgiza ya fizge. Akwai bakaniken da in siririn tiyo ya dame shi sai ya cusa masa ƙusa ya toshe, ya ce Bature ne ya cika ƙaƙale. Na ga tiyon ƙarin ruwa na asibiti a cikin inji, ya yi ja ya bushe kamar ƙashi. Na ga na murhun gas. Wannan mai launi da ya shigo yanzu, shuɗi da ja, da kuke ta yabo, na gwada shi: zafi ba ya damunsa, gaskiya ne, amma fetur na kumbura shi, kuma da kilif, zoben ƙarfen da ake ɗaure bakin tiyo da shi, ya ɗan cije shi sai ya yage. A sa shi a ƙananan layukan iska na inji, ban hana ba. Ban da birki.

Ndagi tun yana yaron mota nake sayar wa ubangidansa kaya. Ranar da ya ji ni Bakatsiniya ce, shi ke nan na shiga uku. Kun san tsakanin Nufawa da Katsinawa akwai wasa tun na kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma duk abin da aka faɗa ba a fushi. Ba ya wuce rumfata bai tsaya ba.

"Baiwana, ka share gidan ubangidanka yau?" Hausarsa ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

Ni kuma in ce, "Wa ya kwance bawan nan? Har yanzu makarar nan taka ba ta kai ka kabari ba?"

"Sai na binne Katsinawa duka tukuna!"

"A rami za a tsince ka, kai da buhun barkono."

Haka muke yi kusan kullum, shekara da shekaru. Ban taɓa ganin motarsa ban kira ta makara ba, shi kuma bai taɓa dawowa daga Kagara bai ajiye mini ɗan ƙullin dawa ko gyaɗa ba, ya ce abincin bayi ne. Da Malam ya rasu, shi ya kwashi mutanen layi zuwa maƙabarta, bai karɓi ko kwabo ba.

Layinmu yana da doka, kuma ba zan zage ta ba don ta taɓa rufa mini asiri. Ba a kushe kayan maƙwabci a gaban mai saye. In mai saye ya taka rumfar wani, ba ka kiransa, ba ka yi masa ido, ba ka tari. In kana da magana ka kai wa shugaba a keɓe. Kafin a kafa ta an sha fasa kai a layin nan. Da na fito sabuwa, wasu suka riƙa gaya wa direbobi kayan mace ba su da albarka, Alhaji Mamman da dokar nan ya rufe musu baki.

Sai mugunyar shekara ta zo, zamanin da ake bin layi don sabulu da madara. Kayan waje suka yanke. Motoci suka riƙa cin junansu: a kashe ɗaya a raba wa uku. Direba ya zo da tsohon tiyo a naɗe da tsumma da robar taya, ya ce a taimaka masa da ko guntu ne. Rumfuna suka koma ƙusa da ƙura. Sai layi ya haɗa kuɗi aka tura Isiyaku Kudu ya nemo abin da ya samu. Ya dawo da manyan naɗi na baƙin tiyo mai sheƙi, an saƙa masa zare a baya kamar igiyar takalmi, ga farin rubutu reras. Ranar har rawa wasu suka taka.

Na yanki ɗan yatsa. Ya wuce gwajin wuyan hannu. Ya wuce na zuƙa. Warinsa ne bai kwanta mini ba, kuma zaren duk a waje yake, naman ciki babu komai. Na jefa a gwangwani. Da na ciro shi ya yi laushi kamar gandar da ta kwana a wuta. Na matse da filaya na saki, bai buɗe ba. Ya huce a manne, kamar an ɗinke.

Na bi doka. Na kira Isiyaku da Alhaji Mamman bayan rumfa na nuna musu. Alhaji ya juya guntun a hannu. Sannan ya ce, "Hajiya, gumin kowa na cikin kayan nan, wasu har da kuɗin abincin gida. Ba za a zubar ba. A sayar wa masu ruwan wanke gilashi da ƙananan layuka. Ban da birki. Ka ji, Isiyaku?"

"Na ji, Alhaji. Na ji, Inna."

Na bar musu rabona ban ɗauka ba. Ina da ragowar tsohon tiyon Malam, ina lallaɓa shi, mai tsada ne ƙwarai a lokacin.

Ranar da nake ba ku labari ranar kasuwar Kagara ce. Da hantsi Oga Bawa ya shigo layi da tsohon tiyon birkin Ndagi a hannu, ya tsage yana huci. Wurina ya fara zuwa. Na gaya masa kuɗin nawa, ya yi fito ya ce mai motar bai bayar da ko rabin haka ba, ya taka rumfar Isiyaku. Ina zaune ina kallo. Na ga Isiyaku ya jawo naɗin mai sheƙi ya ɗora wuƙa.

Na ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji, "Isiyaku, na birki ne."

Bai ɗago ba. "Na sani, Inna." Ya yanka.

Garejin Bawa tsallaken lungu ne. Na ja mayafina na bi shi. Wagon ɗin na tsaye bonet a buɗe, Ndagi na zaune a kan taya yana cin shinkafar Larai. Kafin in isa Bawa ya riga ya zura tiyon yana ɗaure kilif. Isiyaku ya biyo bayana, Alhaji ya juyo daga bencinsa.

Na ce da ƙarfi, "Ndagi, kada ka hau hanya da tiyon nan. In ya ji zafi shanyewa zai yi, birki ya ƙi."

Ya fashe da dariya har shinkafa na fita a bakinsa. "Ya fara! Larai, ka ji baiwana? Yau ma zan mutu!"

"Yau ba wasa nake ba."

"Jiya ma haka ka ce. Shekaranjiya ka ce rami. Yau mene ne, gada?"

Larai ma dariya take yi, tana tattara kwanuka. Kowa a wurin ya saba jin bakina a kansa. Na rasa da wace murya zan faɗa wadda bai taɓa ji ba. Na matsa kusa da shi na ce, "Na rantse da Allahn da ya halicce ni da kai, na dafa tiyon nan a baƙin mai, na ga abin da ya zama. Ka ajiye wasa."

Nan ya daina tauna. Ya dube ni, ya dubi Bawa.

Bawa ya goge hannu da tsumma. "Mama, wa ke dafa mota a tukunya? Bari ki gani." Ya shiga ya tayar, ya ja motar zuwa ƙarshen lungu, ya dawo da gudu ya taka. Tayoyi suka yi ƙara, ƙura ta tashi, mota ta tsaya cak. Ya leƙo ta taga. "Birki kamar reza! Ina matsala?"

"Injin da sanyi, Bawa. Ka bar shi ya yi tafiya."

Isiyaku ya ce, "Inna, a gaban mutane? A hannun mijinki na koyi sana'ar nan. Motoci nawa na sa wa irinsa a birki tun da ya zo, wa ya dawo ya ce ya ƙi?"

Ban san da wannan ba sai a lokacin. Na dubi Alhaji Mamman, ya sunkuyar da kai kan carbinsa.

Na koma rumfa da sauri na yanko daga na Malam, na kawo na miƙa wa Ndagi. Na ce a cire wancan a sa wannan, ba na son kuɗi. Sai ga ɗan kamasho daga tasha a kan keke yana kiran Ndagi, wai layin lodinsa ya zo, fasinja sun cika, in bai zo yanzu ba a ba na bayansa. A shekarar nan direban da ya rasa lodin ranar kasuwa ya rasa abincin mako. Bawa ya ce kilif ɗin da ya ɗaure tsoho ne, in ya kwance sai an nemo wani. Ndagi ya tsaya da tiyona a hannu yana juya shi. Sai fuskarsa ta koma irin ta kullum.

"Jama'a ku shaida, yau Bakatsine ya yi kyauta! Dole a yi ruwa." Ya jefa shi a aljihun mota. "In na dawo Bawa ya sa. Ka dafa mini tuwo, baiwana, kada ka sa guba."

Na riƙe ƙofar motar. Ya ɓamɓare yatsuna a hankali, yana dariya, ya ja.

Bayan azahar aka zauna a kaina. Ba a daɗe ba, don ban musa komai ba. Alhaji Mamman ya ce na kushe kayan maƙwabci a gaban mai saye, na bi mai saye har gareji, na kuma ba shi nawa. A rufe rumfata sai na ba Isiyaku haƙuri a gaban layi. Na ce haƙuri zan ba shi ko yanzu, amma ba zan ce tiyon na da kyau ba. Aka sa kwaɗo, Alhaji ya jefa makulli a aljihu. Ban tafi gida ba. Na je na zauna a bencin Larai ina kallon bakin titi.

La'asar ta yi sanyi sai wani direba da ya fito daga Beji ya tsaya a bakin layi, bai kashe mota ba, ya kira Bawa. Na ga Bawa ya ɗora hannu biyu a ka. Suka tafi tare.

Gab da magariba Bawa ya dawo, rigarsa duk jini da ƙasa. Ya ce a gangaren da ke gaba da Beji, inda hanya ke sauka kan wata 'yar gada, wata babbar motar itace ta lalace an zuba ganye a titi. Waɗanda suka tsira a kujerar baya sun ce Ndagi ya gan ta tun daga nesa. Ya taka, ya sake takawa, sannan ya miƙe tsaye a kan feda yana salati. Shi da waɗanda ke gaba ba wanda ya fita da rai. Bawa ya zaro abu daga aljihu ya ajiye a kan bencin Alhaji. Tiyon ne. Bakinsa biyu lafiya lau, har sheƙinsa na nan. Tsakiyarsa, inda ya bi ta gefen inji, ya manne shafal kamar madaurin zane. Ban tambayi inda wanda na ba Ndagi yake ba.

Larai ta saki kwanukanta a ƙasa. Isiyaku ya durƙusa a inda yake. Alhaji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana ne ya ƙare."

Na ce, "Nasa ya ƙare, Alhaji. Na sauran fa? Isiyaku, su wa ka sa wa?"

Ya ce ba zai iya tunawa duka ba. Yawancinsu 'yan tasha ne, masu Kagara da masu Bida, wasu kuma a rumfunan wasu suka saya.

Alhaji ya ɗauke tiyon ya sa a aljihu tare da makullina. Ya ce maganar nan kada ta fita daga layi. In direbobi suka ji a daren nan, wuta za su sa wa rumfuna, kuma Isiyaku ba zai kwana da rai ba. Za a janye kayan a hankali, dattawa za su zauna su ga yadda za a bi da motocin ɗaya bayan ɗaya. Na ce yaushe? Ya ce in an yi sadakar uku. Na ce motocin za su jira sadakar uku? Ya ce, "Hajiya, duk wanda ya kai maganar nan tasha, ya bar layin nan har abada. Ba ni na ce ba, doka ce." Ba mugun mutum ba ne. Tsoron da yake ji na gaskiya ne. Amma in kuna mamakin abin da ya sa shagon nan yake Chanchaga ba a tsohon layi ba, dalilin ke nan.

Rabin tiyon Malam a gida yake, a ƙarƙashin gado, don ban yarda da barin kaya duka a rumfa ba. Washegari da na idar da sallar asuba na naɗe shi a faranti, na ɗora wuƙar girki da 'yan kilif a kai, na rufe da zane, na ɗauka a ka kamar mai tallar waina. Gari na wayewa na isa tasha.

Motar farko a layin Bida ta kusa cika, injinta na aiki tun ɗazu. Na ce wa direban ya buɗe bonet. Ɗan kamasho ya taso yana cewa, "Mama, ba a talla a nan, je ki gaba." Direban ya dube ni. Ya san ni, kuma labarin Ndagi ya riga ni zuwa. Ya buɗe.

Mai sheƙin ne. Na naɗe yatsuna da bakin mayafi na matse shi kusa da inji. Na saki. Bai buɗe ba.

Direban ya ce, "Wa ya sayar mini da wannan?"

Na ce, "Layinmu. Ni ma a layin nake. In ramawa za ka yi, ka fara da ni in an gama gyara."

Na zagaya ta taga. Akwai wata tsohuwa da kwandon kaji a cinya, da mace mai goyo, da wasu maza uku a matse a baya. Na ce, "Ku sauko, motar nan ba ta tashi yanzu." Suka fara gunaguni, ɗan kamasho na ɗaga murya. Na koma gaban motar na ce a kashe inji, na sa wuƙa na raba tiyon biyu, yadda ko an so ba a tafiya da shi. Na auna sabo a damtsena na yanka, na danƙa wa direban da kilif biyu, na ce ya nemo bakanike. Sannan na ɗauki farantina na nufi mota ta biyu.